Shinkafar da Mahaifiyata Ta Rege

Shekarun baya, lokacin da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, ni ke zaune a shagon mahaifina a kasuwar Daura. Bai fi shekara guda da rasuwa ba, Allah Ya jiƙansa. Shago ne ɗan ƙarami, amma shi ya ciyar da mu, shi ya yi min makaranta, da shi aka yi min aure. Abin da muka fi sayarwa shinkafa ce 'yar waje, wadda ake shigowa da ita ta iyakar Kongolam.

Sai kawai aka wayi gari an ce ba shiga ba fita. Da farko mun ɗauka abin na sati biyu ne. Ina! Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, buhuna suna ta raguwa, har na fara jera kwalayen da babu komai a ciki don kada a ga shagon wayam. Ana nan baffana, ƙanin mahaifina, ya aiko kirana. Ya ce, "Ɗana, ba zan ɓoye maka ba. Akwai wani mai sayar da kayan babur da ke son wurin nan. In damina ta sauka shagon bai farfaɗo ba, sayar da shi za a yi a raba wa magada. Ka fara tunanin wata sana'ar." Na ce, "To, Baffa." Amma wallahi da na fito ban san ta wace hanya na isa gida ba.

Ni kuwa a lokacin ji nake da kaina. Na ɗan yi karatun kasuwanci, kuma ba na rabo da rediyo. Kullum a majalisa ni ne mai fashin baƙi: gwamnati so take a koma cin ta gida, wannan doka dama ce ga mai ido. Wata rana wani abokina ya gaji da ni, ya ce, "To mai ido, mu dai ga shagonka nan muna gani. Ina damar take?" Aka kwashe da dariya.

Dariyar nan ce ta tunzura ni. Na shiga motar Kano, na saro shinkafa 'yar Hausa, na dawo. Sai kuma na yi abin da na ɗauka dabara ce: na tattaro tsofaffin buhunan 'yar waje masu hoto a jiki, na juye ta a ciki, na ɗinke baki tsaf. Ranar har tafiyata ta canza. Gani nake duk Daura babu mai kaina.

Akwai wata hajiya mai sayar da abinci a tasha, tun ina ƙarami wajen mahaifina take saye. Ita ta fara ɗaukar buhu guda. Kwana uku sai ga ta da kanta, ko cikakkiyar sallama babu. Ta kwance gefen mayafinta ta zube min wani abu a kan tebur. Tsakuwoyi ne, da wani ɗan farin abu a cikinsu.

Na ce, "Hajiya, wannan fa?"

Ta ce, "Haƙorin direban Katsina ne. Shekara da shekaru yana cin abincina, jiya a gaban mutane ya tofar min da shi a faranti. Kai, ni za ka yi wa wayo da buhu? Da ka ce min 'yar Hausa ce ai da na san yadda zan yi da ita. Ubanka bai taɓa yi min haka ba, ko sau ɗaya."

Ta juya ta tafi. Maƙwabtan shago duk sun ji. Zancen haƙori bai dame ni ba kamar wannan magana ta ƙarshe. Na rufe shago tun kafin la'asar na koma gida.

A nan sai na ɗan yi bayani. Ni ɗan fari ne, mahaifiyata kuma irin mutanen da ce, masu alkunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ba ta yi min doguwar magana kai tsaye. In tana da saƙo, matata take gaya wa, ko da kuwa ina zaune a wurin. Ranar ina tsakar gida na haɗa kai da gwiwa, matata tana ba ta labarin abin da ya faru. Ta saurara har ƙarshe, ba ta dubi inda nake ba.

Can ta ce, "Ki tambayi mijinki, mutanen nan shinkafar suke ƙi ko tsakuwar?"

Matata ta juyo ta ce, "Wai Inna ta ce..."

Na ce, "Na ji ai."

Inna ta ci gaba, har yanzu matata take kallo. "Mu da 'yar Hausar muka tashi, ta fi 'yar waje daɗi a baki. Matan yanzu ne aka sangarta da ta buhu, a wanke a zuba a tukunya, har sun manta yadda ake regewa. Mai abinci kuwa ina ta ga lokacin zaman tsinta? Ki ce a kawo min tiya biyar. Buhunan ƙaryar nan kuma kada su sake kwana a shagon malam."

Washegari da na dawo daga masallacin asuba na tarar har ta fara. Ta bakace a faifai, ta tsince baƙi-baƙin, sannan ta zuba a ƙwarya da ruwa. Ta riƙa juya ƙwaryar a hankali tana karkata ta, shinkafar na gangarawa cikin wata ƙwaryar, tsakuwa da yashi na zama a ƙasa. Ta sake, ta kuma sakewa. Na sha ganin ana wannan aiki tun ina yaro, amma ban taɓa tsayawa na kalla ba sai ranar. Da ta gama ta tsane ta a kwando, ta ce wa matata, "Ya kai wa hajiyar da hannunsa. Ya ba ta haƙuri, ya gaya mata gaskiyar abin da ke ciki."

Na ɗora kwando a bayan babur, kunya kamar ta kashe ni. Hajiya ta harare ni, ta tsoma hannu har wuyan hannu, ta damƙo, ta baza a tafinta. Ta ce, "Wannan ba aikinka ba ne. Gyatumarka ce ko?" Na ce ita ce. Ta ce, "Ajiye. Direban zai zo da rana, in ya ji ko ƙwaya ɗaya, da shi zan haɗa ka."

Yinin ranar a tsorace na yi shi. Duk wanda ya nufo shagon sai in zaci direban ne. Da yamma saƙo ya zo daga tasha: gobe a kawo tiya goma.

Daga nan abin ya kama. Masu abinci suka ji labari daga bakin hajiya. Gidajen biki suka fara aikowa. Masu son ajiyewa a gida kuma Inna ta ce a riƙa shanya tasu a inuwa har ta bushe sarai, kada rana ta farfasa ta. Aiki ya fi ƙarfinta ita da matata, ta kirawo matan maƙwabta, tsakar gidanmu ta cika da ƙore da tabarmi da hira. Har yau in na rufe ido ina jin sautin nan na shinkafa tana zuba daga ƙwarya zuwa ƙwarya, ana shewa, ana tsokanar matata wai ta auri mai cire haƙori. A shago kuwa na samu kwali na rubuta da hannuna: 'yar Hausa, ba tsakuwa.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da Baffa ya zo shagon. Bai samu wurin zama ba saboda buhuna. Ya tsaya yana kallon masu saye, ya daɗe. Ni kuma ina ta aunawa. Da aka ɗan sarara ya matso ya ce, "Auna min tiya biyu, a kai gida." Shi ke nan abin da ya faɗa. Bai sake tayar da zancen mai kayan babur ba.

Na garzaya gida da murna. Na tarar da Inna a bakin aiki, na durƙusa kusa da ita fiye da yadda na saba. A nan na ga hannuwanta. Ruwa ya cinye tsakanin yatsunta, fatar ta yi fari ta tsattsage, wani wurin har da jini. Duk sanyin shekarar a cikin ruwa ta yi shi, ni kuwa ina majalisa ina cika baki wai hasashena ya tabbata. Da ta lura ina kallo sai ta ja mayafi ta rufe su, ta ce wa matata, "Ki ce ya tashi, yana tare mana haske."

Yanzu inji ke cire mana tsakuwa, kuma matasa kan zo su ce in koya musu yadda ake hango dama in gwamnati ta sauya doka. Nakan gaya musu gaskiya: ni labarin dokar kawai na ji a rediyo. Wadda ta hango damar ba ta ma sauraron labarai, tambaya ɗaya ta yi game da abin da ke damun mutane a bakinsu. In za ku nema, ku fara daga ƙorafin mai saye, kuma kada ku raina abin da tsofaffin gidanku suka iya.

Abin da ya fi tsaya min a rai wani ne daban. Bayan komai ya daidaita, wata rana ina cin abinci a tsakar gida na ji Inna tana tambayar matata a hankali, "Wai shagon nan, gabas yake kallo ko yamma?" Na ajiye lomar da ke hannuna. Shekara talatin da wani abu mijinta ya yi a cikinsa, ita ta hana a sayar da shi, amma ashe ba ta taɓa ganinsa ba. Na ce wa matata ta gaya mata ranar Juma'a zan ɗauko mota in kai ta. Inna ta ce a bari sai aiki ya yi sauƙi. Na biye mata, ina ganin ai akwai lokaci.

Shagon yana nan, yau ma ni na buɗe shi da safe. Gabas yake kallo. Inna ta rasu ba ta taka ƙofarsa ba.