Ranar da Mama Ta Yi wa Dolfin Faɗa

Shekarun baya, wata Talata da hantsi, ina kan keken ɗinki a shagona na Sabon Tasha, wayata ta yi ƙara. Lambar ƙasar waje ce, amma ba ta ƙanena ba. Muryar mace na ji, tana Turanci a hankali, kalma bayan kalma. Ta tambaya ko ni ce yayarsa, na ce ni ce. Ta ce tare suke aiki. Ta ce da safe bai fito ba, aka je ɗakinsa aka tarar da shi a ƙasa, aka kai shi asibiti, likita ya ce zuciyarsa ce ta tsaya. Turancina bai wuce na sakandare ba, amma ranar babu kalmar da ta ɓace mini. Na ce mata na gode. Har yau ina mamakin wannan godiyar.

Na rufe shago. Ban iya zuwa wurin mahaifiyata ni kaɗai ba, sai da na biya na ɗauko matar fastonmu, muka shiga keke napep zuwa Kakuri, inda take zaune.

Mu biyu Mama ta haifa, ni da shi. Kifin ƙanƙara take saya ta yi banda ta kai kasuwa, da shi ta raine mu bayan rasuwar Baba. Ƙanena ya tashi cikin kifi. Tun yana ƙarami ya san ya buɗe kunnen kifi ya duba launinsa, ya danna cikinsa da yatsa ya ce wannan ya kwana. Da ya gama makaranta ya yi aiki a wata gonar tarwaɗa a Kakau, daga nan Allah ya buɗe masa hanya zuwa wata ƙasar Larabawa ta bakin teku, a wani wurin shaƙatawa inda ake ajiye dabbobin ruwa mutane su zo kallo.

Aikinsa haɗa musu abinci. Shi ke fito da kifi daga ƙanƙara ya bar shi ya saki a ɗakin sanyi, ya tsince wanda cikinsa ya fashe ya zubar, ya auna wa kowace dabba rabonta a bokitinta, ya cusa ƙwayar magani a kunnen kifin waɗanda likita ya rubuta wa. Daga baya aka yarda masa ya riƙa ciyar da su da hannunsa. Ranar da ya yi wa Mama wannan bayani ta waya, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Na sha hayaƙi na sa ka makaranta don ka rabu da ƙarnin kifi, ka shiga jirgi ka je ka zama kukun kifi."

"Mama, dolfin ba kifi ba ce," in ji shi. "Haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta nono. Numfashi ma sai ta ɗago ta shaƙa ta wani rami a tsakar kanta."

"Tana cikin ruwa?"

"Tana ciki."

"To kifi ce. Kada ka koya mini sana'ata."

Duk Lahadi bayan an tashi coci yakan kira mu da bidiyo ya zagaya da mu. Ya nuna mana wani kifi mai faɗi, mai doguwar wutsiya da ƙaya a jikinta, wanda Turawa ke kira sitinre. Mama ta raɗa masa faifai, mu ma muka bi. Ya ce bakinsa a ƙasan cikinsa yake, don haka sai ka maƙale abincin tsakanin yatsu, ka kwantar da hannu a ƙasan ruwa, ya zo ya bi ta kai ya zuƙe. Ya ce ƙayar nan suna yanke ta kamar yadda ake yanke farce, ba ta yi masa ciwo, kuma tana sake fitowa. Ni dai ce masa na yi ya riƙa cire hannunsa da wuri. Amma wadda ya fi nuna mana wata tsohuwar dolfin ce mai tabo a gefen baki. Ya ce in tana barci ido ɗaya take rufewa, ɗayan yana buɗe. Mama ta ce ashe ita ma uwa ce.

A wurinmu ba a binne mutum a ƙasar wasu in da hali. Sai an kai shi ƙauye an kwantar da shi kusa da ubansa. Kawunanmu suka ce a dawo da shi, wurin aikinsa suka yarda, amma takardu suka ja lokaci. Yau a ce ana jiran asibiti, gobe a ce ofishin jakadanci. Muka yi ta zaman makoki ba gawa. Matan zumuntar cocinmu suna zuwa kullum da kulolin abinci, su yi waƙa, su yi addu'a, su tafi.

Mama ba ta yi kururuwa ba. Abinci kawai ta daina ci. Takan kurɓi ruwa, wani lokaci shayi, shi ke nan. Ga ta da ciwon suga, maganinta kuma ba a shan sa da yunwa. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi. Fasto ya zo ya karanta mata Littafi, ta saurara da ladabi, ta ce amin, kwanon yana nan a rufe. Wata rana na matsa mata, sai ta dube ni ta ce, "Ɗana yana kwance cikin ƙanƙara kamar kifin da nake sayarwa, ni kuma in zauna in ci tuwo?" Sau ɗaya ta yanke jiki ta faɗi a bakin banɗaki, muka kai ta asibiti aka ƙara mata ruwa. Likitan ya ja ni gefe ya ce in aka ci gaba a haka, kada mu yi mamakin yin jana'iza biyu.

Matar da ta fara kira na ita ke bin mana takardun a can. 'Yar gabashin Afirka ce, mai horar da dolfin, kuma ita ta koya wa ƙanena ciyarwa. Wata rana da azahar ta kira da bidiyo don ta ce an sa hannu a wata takarda. Ina zaune kusa da Mama a tsakar gida, maƙwabciyarmu tana gefe tana gyaran wake. Ita wannan maƙwabciya Ibo ce, mijinta makaniki, sun shekara da shekaru a gidan, Hausarta ta fi tawa zafi. Mama ta ji ƙarar ruwa daga wayar, ta ɗago kai.

"A wurin kifayen take?"

Na ce e.

"Tambaye ta mai tabon nan."

Na tambaya. Matar ta juya wayar. Ga dolfin ɗin a gefen tafkin, tana shawagi a hankali. Aka miƙa mata kifi, ta karɓa a baki, ta riƙe, ta sake shi ya nutse. Matar ta ce kwanaki ke nan haka take yi. Ta yi mini bayani, ni kuma ina juya wa Mama da Hausa iya abin da na kama. Dolfin ba ta shan ruwan da take ciki, duk ruwan jikinta daga kifin da ta ci take samu, saboda haka in ta daina ci ƙishirwa ce za ta fara kayar da ita. Sun ɗebi jini a wutsiyarta, likita ya ce akwai ciwo a cikinta, suna zura mata ruwa da magani ta bututun roba. Ta ce ba za ta ce mana kewarsa take yi ba, don ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne dabbar ta saba da hannu ɗaya, ga ciwo, ga baƙon hannu.

Sai ta ce tana da tambaya, in ba za mu ji haushi ba. Ta ce kafin ƙanena ya fara ciyarwa yakan bubbuga bakin bokiti wani iri, dolfin ɗin ta taho. Sun gwada, kowa da yadda ya tuna, ba su dace ba. Ko mun san bugun?

Ni ban gane ba. Na faɗa wa Mama a yadda na ji. Ta ce, "Miƙo mini ludayi da tukunyar can."

Ta kifa tukunyar a cinyarta ta buga. Biyu a jere, ta ɗan dakata, ta ƙara ɗaya mai ƙarfi. Da haka take kiran mu cin abinci muna yara, in mun ɓace a layi wurin wasa. Na manta da shi shaf. Shi bai manta ba, ya tafi da shi har bakin teku.

Matar ta sa Mama ta maimaita, ta kwaikwaya a bakin bokiti. Dolfin ɗin ta juyo, ta taho, ta ɗora haɓarta a gefen tafkin. Aka ba ta kifi. Ta riƙe, ta sake shi kamar ɗazu.

Nan Mama ta fizge wayar daga hannuna, ta kawo ta dab da fuskarta, ta fara faɗa, rabi da Hausa rabi da yarenmu.

"Ke. Da ke nake. Wace ce ke da za ki ƙi abinci? Ke kika haife shi? Ke kika goya shi? Yaron nan ya bar uwarsa ya je yana tsince miki kifi ɗaya bayan ɗaya, hannunsa cikin sanyi, yanzu ki mutu ki mayar da wahalarsa banza? Ki buɗe baki ki haɗiye, tun ina ganin mutuncinki."

Matar tana tambaya ta me Mama ke cewa. Na rasa Turancin, na ce mata addu'a take yi. Maƙwabciyarmu ba ta ko ɗago daga wakenta ba, ta ce, "Mama, abeg, ki ƙara faɗa mata da ƙarfi. Akwai wata irinta a gidan nan, kunnenta ba ya ji."

Na ɗauka Mama za ta tashi ta shige ɗaki. Ta miƙo mini wayar, ta ajiye ludayin. Can ta ce, "Faten accan da aka kawo da safe, akwai saura?"

Na ce akwai.

"Ɗumama ki zubo kaɗan. Ba zan yi wa dabba wa'azin abin da ban yi ba."

Cokali kaɗan ta ci, ta sha maganinta. Na shiga kicin na yi kukana a can don kada ta gani ta fasa.

Daga ranar abin ya zama kamar ƙa'ida. In lokacin ciyarwa ya yi a can, matar takan kira ta jingine wayar a inda za mu gani. Mama ta zauna da kwanonta a gaba, ta buga tukunya, a buga bokiti. Ta kai cokali baki tana cewa, "Kin gani? Saura ke." Matan zumunta da suka tarar da mu a haka suka rasa ko dariya za su yi ko kuka, wasu suka haɗa duka biyun. Wata rana dolfin ɗin ta juya kifi a bakinta, kai a gaba, ta haɗiye shi ɗungurungum. Ɗaya kawai. Matar ta ce maganin likita ne ya fara aiki, Mama ta ce faɗanta ne. Ban raba musu gardama ba.

Ba a daɗe ba gawar ta iso. Muka karɓe ta a Abuja, muka wuce ƙauye, aka kwantar da shi kusa da Baba. Mama ta tsaya da ƙafafunta a bakin kabarin, ta zuba ƙasa da hannunta. A lokacin dolfin ɗin tana cin kaɗan ta bar saura, ana ci gaba da zura mata ruwa. Ƙauyenmu babu sabis ɗin waya, muka kuma daɗe a can saboda sauran al'adu.

Ban ɗauki wani babban darasi daga abin nan ba. Na dai ga cewa mun yi ta roƙon Mama ta ci don kanta, ta ci don ni, ba ta ji ba, sai da ta sami wadda za ta yi wa faɗa. Yanzu in na je gaisuwar mutuwa na ga wanda ya ƙi abinci, ba na yawan magana. Nakan nemi wani ɗan abu da zai kula da shi in miƙa masa, ko jariri ne, ko tukunya a kan wuta.

Da muka dawo Kaduna na kira lambar matar, ba ta shiga. Na yi ta gwadawa. Daga baya wani ɗan Najeriya da ya san ƙanena a can ya ce kwantiraginta ya ƙare ta koma ƙasarsu, shi kuma ba a sashen dabbobi yake ba. Na kira wurin aikin, suka yi mini ta'aziyya cikin mutunci, suka ce ba sa ba da bayanin lafiyar dabbobinsu ta waya.

Mama tana nan da ranta, ta koma bandarta, tana cin abinci tana shan magani. Wani lokaci tana cikin jera kifi a kan ragar banda sai ta tsaya ta ce, "Ko mai tabon nan ta warke?" Ba na yi mata ƙarya, nakan ce ban sani ba. Har yau ban sami wanda zan tambaya ba.