Zuwana Zariya a Kan Karatun Binta

Ranar Asabar da ƙarfe biyar da rabi na asuba na fita daga gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. 'Yata Binta ce dalilin tafiyar, wadda ke karatun falsafa a jami'a a Zariya. An gaya wa babanta a majalisarsu ta Tarauni cewa karatun na Girkawa ne, yana raba mutum da imaninsa. Ya ce ta kwaso kayanta ta dawo. Kwana uku ina ba shi haƙuri kafin ya yarda in je in kai ta gaban tsohon malaminsa, Malam Habibu. Abin da Malam ya yanke, shi ke nan.

Unguwa Uku zuwa Zariya

Adaidaita sahu ya sauke ni a tasha, motarmu ta cika da bakwai saura kwata. Direba ya ce, "Hajiya, a ɗan matsa mana." Na ce, "Ɗana, in na ƙara matsawa sai dai in zauna a titi." Mun wuce shinge biyu lafiya, a Kwanar Ɗangora na karya da dafaffen ƙwai. Tara da rabi muka isa, Binta na jirana a Kwangila, idonta ya kumbura. Muka sauka wajen ƙanwar babanta a Tudun Wada, aka yi mana tuwon masara da miyar kuka, amma ta kasa ci.

Lahadi, cikin birni

Da hantsi muka shiga ta Ƙofar Doka. Mun sami Malam a zaure kan buzu, ya tsufa ƙwarai. Bayan gaisuwa ya ce, "To jikata, me Girkawan naki suke cewa?"

Binta ta ce, "Allah ya gafarta Malam, na ƙarshe-ƙarshensu nake karantawa. Wasu sun ce mutum ya rarrabe abin da ke hannunsa da wanda ba ya hannunsa, ya gyara na farko, ya daina wahalar da zuciyarsa a kan na biyu. Wasu kuma, irin na Iskandariyya, sun ce rai sai an wanke shi da hali huɗu: hikima, jarunta, kamun kai da adalci."

Malam ya miƙa hannu ya jawo wani tsohon littafi daga gafaka, ya buɗe, ya karanto huɗun nan da Larabci. Ya ce an fassara maganganunsu a Bagadaza tun da daɗewa, malamanmu suka tankaɗe, suka zubar da abin da ya saɓa wa tauhidi, suka riƙe na gyaran hali. "Ke ma ki riƙa tankaɗewa. Kin ji ko?"

Na fito da biro da takarda, na ce, "Malam, a hankali, ajin yaƙi da jahilci na yi, hannuna ba ya sauri."

Ya yi dariya. "To rubuta. Ki gaya wa mijinki Sule cewa shi ma a da a gabana ya karanta babin nan, yana gyangyaɗi. Ya bar yarinya ta ƙarasa, ko a sami wanda ke a farke a gidan."

Komawa gida

Ƙarfe biyu na hau mota, kafin biyar ina Gyaɗi-Gyaɗi. Ko mayafi ban cire ba na karanta wa maigida takardar, ban tsallake komai ba. Da na gama ya ce, "Har gyangyaɗin kika rubuta?" Na ce yadda aka faɗa na rubuta. Ya sosa ƙeya ya ce in kira Binta in ce ta zauna, amma in ta zo hutu ta karanta masa babin daga farko.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Malam, Allah ya ƙara nisan kwana. Malamar da ta koya mini riƙe biro kuwa, Allah ya saka mata da alheri.