Muzurun Yakura

Ku matso, akwai abin da na riƙe a cikina shekara goma sha ɗaya ban gaya wa kowa ba, ni Sa'a da ko miyar gidanku ta yi tsami sai garinmu Guci duka ya ji kafin la'asar. Zan faɗa. Amma ku tsaya tukun, sai kun san mutanen.

Maƙwabciyata Yakura, zana ɗaya ce ta raba mu. 'Yar Mallawa ce, kifi busasshe take sayarwa ranar kasuwa. Da aka kawo ta gidan miji, kowace amarya da kwanoninta take zuwa, ita har da buhu yana motsi. Mage ce a ciki, ta uwarta. Daga wannan magen aka yi ta samun zuri'a har aka kai kan Komanda, wani baƙin muzuru mai kai kamar ƙwarya, wanda in ya yi hamma kajin kartiye, unguwarmu duka, sai su hau rumbu. Allah bai ba Yakura haihuwa ba. Komanda take wa magana, shi take wa faɗa.

Mijinta kuwa kun san shi ko ba ku san ta ba. Marigayi Maina Mai Muzuru. Wanda ke fitowa a wasannin barkwancin da samarin Magariya ke ɗauka, ana tura wa mutane a wayar portabul ranar kasuwa. Kullum tsohon marowaci yake fitowa, da koriyar riga, muzuru zaune a kafaɗarsa yana lasar wuyansa. Daga Sassumbrum har bayan iyaka ba wanda bai yi dariyar nan ba. Aka ce ba a taɓa ganin mutum da dabba masu son juna haka ba.

To ga maganar. Maina ba ya son mage. Ko kaɗan. In Komanda ya shiga ɗaki, Maina atishawa yake har hularsa ta faɗi, ya fito yana cewa, "Yakura, fitar min da wannan aljanin!" Da idona ta kafar zana na sha gani: kafin a fara ɗauka, Yakura za ta jiƙa tsumma da man kifi ta goge wuyan koriyar rigar ciki da waje, ta hana Komanda abinci tun safe, sannan ta laɓe bayan mai kamara. Soyayyar da kuke gani, man kifi ne. Hawayen da ke idon Maina, da kuke cewa tausayi ne, mura ce.

Ya yi jinya wata bakwai. Cikin masu dariyar nan ba wanda ya leƙo da ko lemo ɗaya. Yakura ce ta kai shi likita a bayan kabu-kabu, ita ta dawo da shi, ita ke juya shi. Ya rasu, ta yi takabarta, gari ya yi shiru.

Shekara na zagayowa sai ga mota daga Magariya. Wai ƙungiyar masu son mage ce, a waya suka haɗu, sun zo yi wa gwaninsu addu'a. Shugabarsu Madam Hamida, da gilashi kamar faifai. Suka cika tsakar gidan, mu ma mata muka shiga. Tamu, yayan Maina, wanda sau biyu ya taka gidan lokacin jinya, shi ne a kan gaba da sabuwar hula.

Aka yi addu'a, aka yi kuka. Wani ya ce Maina ne ya koya masa tausayin dabba. Wata ta ce da bakinsa yake tauna wa muzurun nama. Na kalli Yakura, tana can bakin murhu tana zuba musu shayi, ba wanda ya tambaye ta ko ya haƙuri.

Sai Madam Hamida ta ce, "Baba Tamu, muna da roƙo. A ba mu Komanda mu riƙe shi a Magariya. Sardin zai ci kullum, masoya su riƙa zuwa ganinsa."

Yakura ta ajiye buta. "Hajiya, ya tsufa. Ba ya cin abinci a hannun kowa."

Tamu ya ce, "Ke Yakura, abin ƙanena ne, gado ne. Mage ba a sayar da ita, kowa ya sani, amma na bayar sadaka, ladan ya kai kabarinsa."

"Yaya, muzurun nan..."

"Muzurun nan me?"

Ba ta ƙarasa ba. Madam Hamida ta ce a ɗauko koriyar rigar su yi foto. Aka ciro ta daga akwati, inda take naɗe tun wasan ƙarshe, Tamu ya zura. Wallahi kafin ya gyara wuya Komanda ya daka tsalle daga kan turmi ya dira a kafaɗarsa yana lasa. Gida ya ɗauki salati. Madam Hamida ta cire gilashi tana sharɓar hawaye, tana cewa, "Ya ji ƙamshin ubangidansa! Ya san jinin gidan!" Tamu ya kumbura kamar an ba shi kujerar mer, shugaban gari.

Magana ɗaya ce za ta raba gardamar. Da Yakura za ta ce muzurun nata ne, man kifi ne a wuyan rigar, shi kenan. Amma in ta faɗa, gaban portabul goma a kunne, gobe duk ƙasar za ta ji Maina maƙaryaci ne, kuma daga bakin matarsa. Mutumin bai bar gona ba, bai bar ɗa ba, sunan nan kaɗai ya bari. Ta dube ni sau ɗaya. Ni kuwa na sunkuya ina gyaran ɗankwali.

Mage in za a kai ta wani gari a buhu ake sa ta, don kada ta ga hanya ta dawo. Mutum uku Komanda ya yage wa hannu. Ƙarshe Tamu ya ce, "Ke Yakura, zo ki kama mana." Ta zo ta tsuguna, ta kira shi a hankali, ya taho da kansa. Ita ta sa shi, ita ta ɗaure bakin buhun. Aka yi mata tafi.

Washegari da hantsi na ji magana a gidanta, alhali ba wanda ya shiga. Kun san ni. Na lallaɓa na manna kunne a zana. Tana tsintar kifi tana cewa, "Maina, ka kyauta. Kai ka sha tafi, ni na sha ƙarni. Na yi jinyarka, na rufa maka asiri, yanzu kuma..."

Na ƙara matsawa, kara ya karye.

"Sa'a, ga ƙafafunki nan ina gani."

"A'a, Yakura, kazata nake nema."

Ta taso ta buɗa zanar da hannu biyu, fuskarta dab da tawa, idanun nan jawur.

"Kin san komai, ko ba ki sani ba? Tun farko kina kallo ta nan."

Na ce na sani.

"Ni matarsa ce, ba zan iya faɗa ba. Ke fa? Ba asirin da ya taɓa kwana a bakinki a garin nan. Jiya kaɗai na nemi bakin nan naki, na dube ki, kika tsaya ɗaurin ɗankwali."

Ta saki zanar ta koma kan kifinta.