Sufar Kawu Mati

Kawu Mati ƙanin mahaifiyata ne, manomin gyaɗa a ƙauyenmu kusa da Ɗanbatta. Tun yana saurayi zazzaɓi ya taɓa masa kunne. Ka ce masa gero ya kawo maka goro, kuma ba ka isa ka ce bai ji ba.

A shekarar da taki ya yi tsadar da har masu hali suka koma tonon bola, na faɗi a babur na karye. Ga iyali, ga rumbu wayam, abin da muka dogara da shi 'yar gonar masara ce a bayan gida. Ita ma sai ta tsaya cak, sabon ganyen sama ya koma ruwan ɗorawa. An zuba mata ɗan takin yuriya da ya rage, ko gezau.

Malamin gona ya zo dubiya, aka kai shi ya gani. Ya ce in da ganyen ƙasa ne ya fara sauya launi, da yunwar yuriya ce. Tunda na sama ne, salfa ƙasar ta rasa, wato farar wuta. Na sayar da akuya, na aiki Kawu kasuwa.

"Mai salfa, Kawu! Salfa!"

"Na ji, ɗana, ai ba kurma ba ne ni."

Da la'asar sai ga shi da rabin buhun sufa, takin da kowa ya sani na gyaɗa ne. Raina ya ɓaci, na kwana ina huci. Shi kuwa ya sungumi fartanya, ya bi masarar gindi-gindi yana binnewa, da tsufansa.

Ruwa ya sauka. Sannu a hankali sabon ganye ya fito kore shar, kara ya yi kauri, masara ta yi goyo. Da malamin gona ya dawo, dariya ya yi ya ce ai sufa ma tana ɗauke da salfa a cikinta. Masarar ba ta cika rumbu ba, amma ta kai mu kaka, ba wanda ya kwana da yunwa.

Na ɗingisa har zaurensa da gasasshiyar masara.

"Kawu, na gode!"

"Gobe? To, Allah ya kai mu."

Bai ga wata daminar ba. Godiyar da bai ji ba, yanzu bayan kowace salla nake yi masa ita, a inda ba sai na ɗaga murya ba.