Mato Mai Hanji na Paikon Kore

Shekara ashirin da biyu, kowace safiya, Mato yana kunna fitilar kananzir bayan gari ya waye sarai. Sai ya riƙe farar takarda a kan hayaƙin har ta yi baƙi ƙirin, ya naɗa ta a jikin wani gwangwani mai juyawa. Mutanen Paikon Kore sun daɗe da gane cewa mai ƙona kananzir don ya ɓata takarda mai tsabta ma'aikacin gwamnati ne na gaske.

Daga nan sai ya ɗumama ruwan gishiri daidai ɗumin jikin dabba, ya hura masa iska da famfon keke, ya rataya guntun hanji a ciki da zare. Zaren na ɗaure da allura, in hanjin ya motsa allurar ta yi zane a baƙar takardar. A takardun ƙaramin asibitin dabbobin garin, sunan mai wannan aiki lebura. Makon jiya ya yi ritaya, aka ba shi agogon bango mai aiki da lantarki, a garin da babu lantarki.

Da ranin 1969 shanun wani makiyayi, Maude, suka fara kumburin ciki suna faɗuwa. Goma sha ɗaya cikin mako biyu. Da ma Maude ya taɓa rigima da wani manomi, Yamusa, kan gonar dawa, sai magana ta tsaya a kan cewa Yamusa ya zuba guba a tafki. Dagaci ya ce in ranar kasuwa ta zagayo ba a gano wani dalili ba, Yamusa zai bar ƙauyen da aka binne cibiyarsa.

Dokta Abraham, likitan dabbobi da aka turo daga jami'a, ya yi zargin wani tsiro ne. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga ruwan ganye a kan hanji mai rai a ga abin da zai faru. Sai dai duk hanjin da aka kawo daga mahautar Gwagwalada a mace yake zuwa, allura ta ja layi miƙaƙƙe. Dokta ya zargi ruwa, ya zargi zafin gari, a ƙarshe ya zargi Mato. Ya fara rubuta rahoton cewa ba a gano komai ba, wanda a kunnen dagaci ma'anarsa Yamusa ne.

Mato bai karanta littafi ko ɗaya ba, don haka sai ya hau keke ya tafi mahauta ya tsaya yana kallo. Abin da ya gani ya sa ya riƙe baki. Sarkin fawa Dallatu, saboda girmama likita, da hannunsa yake gyara hanjin: ya tatse shi, ya juya cikinsa waje, ya wanke sau uku da ruwan rafi mai sanyi, ya murje da lemun tsami. Kwana biyar ladabi ne ke kashe gwajin.

Da Mato ya ce a bar wanke hanjin, Dallatu ya ce, "Haba Mato, kayan likita a kai masa da kashi?"

"Sarki, da kashinsa nake so, da ɗuminsa kuma."

Mahauta suka yi ta dariya, tun ranar sunan Mato Mai Hanji ya bi shi. Ya yanki guntu daga san da aka yanka a gabansa, ya jefa a kwalbar ruwan gishiri, ya cusa ta cikin riga a jikin cikinsa don kada ta huce, ya taka keke ba tsayawa.

A gaban dagaci da Maude da Yamusa aka rataya hanjin. Naman san yana kan wutar mai tsire a kasuwa, hanjinsa kuwa yana nan yana tsukewa yana sakewa, allura na hawa da sauka. Maude ya ja da baya har ya bugi bango, yana salati a hankali. Mato ya yi masa bayani cewa a jikin hanji akwai siraran jijiyoyi masu gaya wa tsoka ta tsuke ko ta saki, ba sa jiran umarni daga kai. Ya taɓa ruwan da wayar batir, hanjin ya dunƙule.

Aka ɗiga ruwan tafkin da ake zargi. Hanji ya ci gaba da aikinsa. Aka ɗiga ruwan ganyen zaƙami da Mato ya tsinko a wani kufai. Allura ta kwanta. Aka sake taɓawa da batir, shiru. Tsokar lafiyarta lau, saƙon jijiya ne ya daina isa gare ta. Haka abinci ke tsayawa a cikin saniya har ta kumbura.

 Kowa ya san Maude da kansa ya mayar da garkensa kufan nan, don can kaɗai ya rage kore. Da ƙyar Maude ya ɗago kai.

"Yamusa, ashe ni na kai su."

Yamusa ya ce, "Sati biyu ina rantse maka, Maude. Sai hanji ya faɗa ka yarda."

Dokta ya buga binciken a wata mujallar Turanci. A layin ƙarshe ya gode wa direbansa da sunansa, da kuma "wani ma'aikaci na gida".

Kai ne wannan wani, Mato. Kai ne ka ɗauki hanjin sa a jikin cikinka kamar jariri, ana yi maka dariya, don kada a kori mutumin da ba danginka ba, ba addininku ɗaya ba. Yamusa na nan yana noman dawarsa, shanun Maude na cin karan bayan girbi. Mun gode, Allah ya saka.

Mu kuma masu digiri, in allura ta ja mana layi miƙaƙƙe, kafin mu rubuta cewa babu komai, mu hau keke mu je mahauta mu tsaya mu duba. Agogon nan kuwa, Malam Mato, ka rataye shi kawai. Shi ne abu na farko da gwamnati ta ba ka a mace wanda ba za ka iya tayarwa ba.