Ranar da Aka Kafa Rumfa a Kan Gonata

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman tabarau alhali yana fuskata, ba na jin zan manta ranar da aka zo makarantarmu domin a ƙarfafa mana gwiwar karatun noma. An kuwa ƙarfafa mu. Har yau in na tuna, sai in rasa dariya zan yi ko tsaki.

Abin ya faru ne a daminar farko bayan soja sun koma bariki. Lokacin ina aji biyar a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a wajen Tarauni, gidanmu kuma yana Gyaɗi-Gyaɗi. Gari ya cika da sababbin manya. Mutumin da jiya kuke layin famfo tare, yau ya zama Onarabul, babbar rigarsa tana shan sitaci, kuma ba ya samun barci sai ya ƙaddamar da wani abu. Wanda bai sami rijiya ba ya ƙaddamar da kwalbati, wanda bai sami kwalbati ba ya nemi makaranta.

A makarantarmu noma ba darasi ba ne, horo ne. Wadda ta makara, wadda ta yi surutu, wadda ta zo ba safa, hukuncinsu ɗaya: a miƙa mata fartanya a nuna mata gonar da ke gefen ofis. Bayan haka kuma sai malamai su zauna suna mamakin abin da ya sa 'yan mata ba sa son aikin gona. Ni da yake sai na ɗebo ruwa na raka ƙannena makarantarsu kafin in taho a ƙasa, babu wadda ta kai ni halartar gonar nan. Har maigadi ya daina tambayata, da ya hango ni sai kawai ya shiga ɗakinsa ya fito da fartanya.

A can na haɗu da malamar aikin gona, mace ɗaya tilo da na taɓa gani tana shiga gona ba don an kore ta daga aji ba. Wata rana ta tsuguna kusa da ni ta ce, "Ke, dubi masarar can. Me ya sa ta wannan gefe ta yi ɗorawa, ta wancan kuma ta yi kore shar, alhali iri ɗaya ne, ruwa ɗaya suka sha?" Na ce ban sani ba. Ta ce ita ma ba za ta faɗa mini ba, sai dai mu tambayi ƙasar. Tambayar nan ita ta kama ni, kuma har yanzu ba ta sake ni ba.

Da damina ta faɗi, Malama ta yanka wa kowaccenmu, mu 'yan tsirarun da muka liƙe mata, ɗan fili. Nawa na raba shi biyu. Gefe ɗaya na bar shi yadda yake, jigawa fara fat. Ɗaya gefen kuma na zuba masa takin da na haɗa tun rani da sharar gidanmu: ɓawon albasa, toka, ganye, da kashin awakin maƙwabta. Na shuka masara da kuɓewa a duka biyun. 'Yan ajinmu suka raɗa mana suna 'yan ƙauye, suna toshe hanci in mun shigo. Waɗannan fa 'yan birni ne na asali, waɗanda duk hutu ake kai su wajen kaka a ƙauye su dawo da buhun gero.

Matsalata ba su ba ce, Baba ne. Mahaifina direban bas ɗin haya ne, amma manomi ne ɗan manomi. Fari ne ya koro shi birni tun ina goye, bayan ya ga geronsa ya bushe a tsaye. Tun daga nan ya yi wa fartanya saki uku. Burinsa a duniya in zama nas, in riƙa shiga layinmu da fararen kaya mutane suna cewa ga 'yar direba. Ranar da na ce masa kimiyyar ƙasa da noma nake so in karanta a jami'a, sai da ya ajiye lomar da ya ɗauka.

Ya ce, "Wato ni na gudo wa fartanya na zo birni, ke kuma za ki je har jami'a ki ɗauko mini ita. To ai ba sai an wahala ba. Gobe in sa ki a mota in kai ki wajen baffanki, shi ba ya karɓar kuɗin makaranta."

Inna ta sa baki, na yi kuka, duk a banza. A ƙarshe dai ya gaji ya kafa mini sharaɗi. Ya ce shi ba ya gardama da abin da idonsa ya gani. In har zan nuna masa cewa noman makarantar nan ya bambanta da wanda ya baro, zai sa mini albarka in karanta. In kuwa ya je ya ga wahalar nan ce dai aka sa wa yunifom, to maganar ta mutu, ba kuma za a sake tayar da ita a gidansa ba. Na amince da sauri, don na san abin da ke gonata. Masarar gefen taki ta wuce kaina har ta fara goyo, ta ɗaya gefen kuwa da ƙyar ta kai ƙuguna.

Ana cikin haka sai aka sanar a asambili cewa wani Onarabul zai zo ya ƙaddamar da shirin ja hankalin 'yan mata zuwa karatun noma da muhalli, kuma ana gayyatar iyaye. Na ce shi ke nan, Allah ya kawo rana. Na lallaɓi Baba har ya yarda zai bar lodin safe ya zo. Ranar a gaban mota na zauna, na isa makaranta da hantsi kamar 'yar gidan wani.

Muna shiga ƙofa na hango rumfuna. Manya-manya, masu ja da fari, an jera kujerun roba a ƙarƙashi, an kawo kujerun kushin na ofis an sa a gaba. Na ɗan tsaya ina tunanin ina aka sami wannan fili mai kyau haka a makarantarmu. Sai da na ga bishiyar darbejiyar da muke rataye hijabai in za mu yi noma tana tsaye a bayan lasifika, sannan na gane. Filin gonarmu ne.

Ashe da sassafe masu kafa rumfa suka zo suka ce filin asambili ya yi taɓo, motar babban baƙo ba za ta shiga ba. Shugabar makaranta ta waiga ta ga wuri ɗaya ne mai tudu kuma kusa da ofis, sai dai ciyayi sun yi masa yawa. Ciyayin su ne masarata. Aka tara waɗanda suka makara, aka ce yau horonsu shi ne su tuge komai. Aka baje kunyoyi, aka share, aka daddaɓe. Mu dai Kanawa ba ma karɓar baƙo a wuri mai datti, kuma a idon Hajiya shugaba duk abin da ya tsiro ba fulawa ba datti ne. Malamar aikin gona kuwa an aike ta sayo lemo tun da duku-duku, don ita ce mai babur a gida. Da ta dawo ta ga abin da aka yi, sai ta ajiye kiret ɗin ta zauna a kai.

Baba ya dube ni ya ce, "Ina gonar?" Na nuna masa kujeru. Ya gyaɗa kai, ya je ya zauna a layin iyaye, a daidai inda kuɓewata take jiya.

Mu kuma 'yan ƙauye ranar muka zama abin ado. Aka kifa mana malfuna, aka ba mu sababbin fartanyu da aka ɗaura wa ribon, aka jera mu a rana da kwali mai cewa manoman gobe. Onarabul bai iso ba sai da rana ta take. Ya karɓi lasifika ya ce, "'Ya'yana mata, ku rungumi noma. Noma ba abin kunya ba ne. Ni kaina da kuke gani ɗan manomi ne." Aka yi tafi. Ya ce gwamnatin farar hula ba za ta zuba ido a bar mata a baya ba, ya ce muhalli amana ne, duk wanda ya sare bishiya ɗaya ya dasa biyu. Aka sake tafi. Yana maganar nan takalminsa mai ƙyalli yana kan ƙasar da na yi wata da watanni ina ciyarwa da toka da kashin awaki, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa jin tsanar takalmi irin ta ranar ba.

Daga nan aka raka shi ya dasa ɗan itace a gaban ofis, a ramin da aka riga aka haƙa masa. Ya riƙe shebur har mai hoto ya gama, aka zuba masa ruwa a buta ya wanke hannun da bai taɓa ƙasa ba. Ni kuwa hawaye ne ke zuba a ƙarƙashin malfa. Da na ɗaga kai na duba layin iyaye, kujerar Baba ba kowa. Na ce a raina shi ke nan, ya ga noman makaranta, ya koma lodi. Na fara hango kaina da allura a hannu, ni da ko jinin kaza ba na iya kallo.

Da taro ya watse aka shiga wawar lemo, na zagaya bayan azuzuwa don in yi kukana ba mai gani. A can aka jibge abin da aka tuge, kusa da juji. Kuma a can na tarar da Baba a tsugune, ya naɗe hannun riga, ya ware masarar kashi biyu a gabansa.

Bai ɗago ba ya ce, "Wannan da wannan duk naki ne?" Na ce e. Ya ɗaga guda ɗaya daga dogayen, saiwarta cunkus, ta riƙo baƙar ƙasa danƙam. Ya ɗaga ɗaya daga gajerun, saiwar 'yar siririya, yashin ya zube tun kafin ya girgiza. Ya ce, "Rana ɗaya kika shuka su?" Na ce rana ɗaya, iri ɗaya. Ya tambayi buhun takin zamani nawa na zuba. Na ce ko ƙwaya, sharar gidanmu ce da Inna take faɗa ina tarawa a bayan ɗaki. Ya marmasa baƙar ƙasar a tafinsa, ya kai hanci ya shaƙa.

Can ya ce, "Ƙasarmu ta gida irin wannan farar ce. Ruwa ya sauka, kafin la'asar ta bushe." Ya sake duban baƙar. "Da tana riƙe ruwa haka, wataƙila da ban taho ba."

Ban taɓa jin ya yi maganar gonarsa da irin wannan murya ba. Ya ɓare wani ɗan goyon masara da bai gama ƙwaya ba, ya dube shi, sai na ga ransa ya ɓaci sosai. Ya ce a garinsu ko akuya ce ta yi wa shuka mai goyo haka, sai mai ita ya je gaban dagaci. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya kalli wajen rumfa inda ake ta jiniya ana rakiyar baƙo, ya ce, "Waɗannan ne za su koya wa mutane noma?" Ya juyo gare ni ya ce, "To je ki karanta. Allah ya yi miki albarka. Ki karanta sosai, don na ga wurin ba kowa."

Na karanta ɗin. Yau aikina ke nan, gwajin ƙasa da koyar da ɗalibai, kuma har Baba ya bar duniya, in na je gaishe shi sai ya tambaye ni labarin ƙasar garinsu. Shirin Onarabul kuwa ban sake jin ɗuriyarsa ba. Fartanyun ma da yamma aka karɓe, aka ce na haya ne.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, yaro ba ya bukatar a tara masa jama'a a gaya masa abin da zai so. Sau da yawa ya riga ya fara, a wani lungu, da ɗan abin da ya samu. Abin da yake nema kawai babba guda ɗaya da zai tsuguna ya duba. Shi ya sa yanzu in aka gayyace ni makaranta in yi wa 'yan mata jawabi a kan noma, ba na zama sai na tambayi abin da ke wurin kafin a jera kujeru.