Dutsen Taimamar Inna a Barikin Rumawa

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Taman Melati a Kuala Lumpur, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, mu uku: ni, da Inna mahaifiyata, da wani abokina da ya gama digirinsa zai koma gida. Inna ta riga kowa shiga mota, kuma ban ga laifinta ba. Wankan jego ta zo yi wa matata, na kwana arba'in, sai korona ta rufe duniya, kwana arba'in ya zama shekara biyu a hawa na goma sha huɗu. Jaririn da ta zo wanka har ya iya ce mata ta zo su "makan", wato su ci abinci da yaren Malesiya. Yanzu kuma autarta a Kano ta shiga watan haihuwa, cikin fari, Inna ta rantse babu mai ɗora ruwan wankan nan sai ita.

Ni na tsara hanyar, kuma na amsa da son kai a ciki. Na ce mu yada zango kwana uku a Jodan, Inna ta ziyarci kaburburan sahabbai a Mu'uta, ni kuma in ga wani tsohon barikin sojan Rumawa da na ƙare zaman kulle ina kallon hotunansa. Karatun gini nake yi, dutse ne abincina. Daga nan abokina ya wuce da ita Kano, ni in juyo.

Kai, jama'a, Amman! Bayan shekara biyu cikin zufar Malesiya, iskar garin ta bugi fuskata a bushe, sai na ji kamar an cire mini jiƙaƙƙen bargo. Gidaje duk farin dutse, sun hau tsaunuka sun zauna. Kuɗinsu dai ba ya wasa: na miƙa ringit cike da hannu, aka ba ni 'yan takardu da ban ma ji nauyinsu a aljihu ba. Mun ci mansaf, shinkafa da naman rago an kwarara musu wani kindirmo mai tsami da zafinsa. Inna ta ɗanɗana ta ce nonon ya kwana uku, amma sai da ta sa aka yi mata tapau na ragowar, wato aka ƙunshe mata ta tafi da ita. A Mu'uta ta yi kuka, ta yi addu'a har ƙafarta ta sage.

Rana ta uku da safe aka tsokale mana hanci don gwajin korona. Takardar gwajin Inna kwana biyu take aiki, jirginsu kuma washegari da hantsi. Daga asibitin muka ɗauki shatar mota muka miƙi titin hamada zuwa kudu, manyan motoci na ta wuce mu kamar za su ɗebe mu. Bayan tafiya mai ɗan tsawo direban ya saki kwalta ya faɗa wata burji, motar na tsalle, Inna na salati. Babu gida, babu bishiya, sai wani makiyayi da tumakinsa. Abokina ya fara ce mini idan aka sace mu shi ba ya cikin tsarin.

Sai ga shi. Wallahi ihu na yi! Barikin ne, wanda suke kira Ƙasru Bashir, shi kaɗai a tsakiyar fili, gini mai kusurwa huɗu, kowace kusurwa da hasumiyarta. Babu mai gadi, babu mai sayar da tikiti. Sama da shekara dubu da ɗari bakwai, amma rubutun da suka sassaƙa a saman ƙofa yana nan ɓaro-ɓaro. Na cire takunkumi na shiga da gudu kamar yaro. Tsakar gida ce fetal, ɗakuna sun kewaye ta: ƙasa na dawaki, har da komin da aka fafe a jikin bango, sama na sojoji. Wasu duwatsun ƙofar sun fi firijin gidana girma. Na hau matakalar hasumiya har inda ta tsaya, na hango hamada ta ko'ina, na tuna wani soja ya taɓa tsayawa nan yana kewar garinsu. Na auna, na zana, na ɗauki hoto har waya ta mutu. Na manta da yunwa, na manta da uwata.

Da na sauko na tarar da ita a inuwar bango, ta idar da Azahar. Ruwan da muka riƙo na sha ne, don haka taimama ta yi. Fuskarta fes, sai murmushi take.

"Kai wannan," haka take kirana, ba ta faɗin sunana, "ashe kafiran nan sun iya zaɓen dutse."

Na yi dariya na koma zanena. Ban tambaye ta komai ba.

Washegari a filin jirgi, jakar hannunta ta shiga na'ura ba ta fito ba. Wani jami'i ya ɗauke ta gefe, ya zazzage: carbi, man zafi, ragowar dabino, sai wani abu a naɗe cikin ɗankwali. Ya warware. Dutse ne kamar tafin hannu biyu, gefe ɗaya sumul, da alamar sassaƙa a bakinsa. Na san dokar ƙasar a kan kayan tarihi, ni da ke karanta ta. Aka karɓe fasfo ɗinmu, aka kai mu wani ɗaki, aka kira babba.

Na duba agogo: saura minti hamsin a rufe ƙofa. In jirgin nan ya tafi, takardar gwaji ta mutu, sai sabon gwaji da ba wanda ya san me zai nuna, kuma babu wata kujera sai bayan mako. Haihuwa kuwa ba ta jiran kowa. Na yi Turanci, na yi guntun Larabcina na islamiyya, har "boleh" ta yaren Malesiya sai da ta kuɓuce mini. Babban jami'in dai tambaya ɗaya yake maimaitawa: wa za mu sayar wa?

"Me yake cewa?" in ji Inna.

"Cewa yake sata muka yi, Inna! Me ya kai ki? Me za ki yi da dutse?"

Ta dube ni, irin kallon da na sani tun ina ƙarami. Ta zare takunkuminta, ta jawo dutsen gabanta a kan teburin mutumin, ta yi bisimilla, ta buga tafukanta a kai, ta shafi fuska. Ta sake bugawa, ta shafi hannun dama har gwiwar hannu, sannan na hagu.

"Tayammum," in ji babban, a hankali. Ya dafe kai ya fashe da dariya, ya ce wa yaransa wani abu, su ma suka dara. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce mata "ya hajja", ya nuna da hannu cewa dutse dai ba zai fita ba, can zai koma inda aka ɗauko shi. Ya miƙo fasfo. Ya haɗa Inna da abokina da yaransa biyu, ɗaya na tura Inna a keken marasa lafiya da gudu, abokina na bin su da jaka a ka. Ko sallamar kirki ba mu yi ba. Abin da na ji ta ɗaga murya tana faɗa kawai shi ne, "Sau uku na ce ka samo mini!"

Gaskiya ta faɗa. A jirgin komawa na ƙirga su. Lokacin da sanyin ƙashi ya kwantar da ita, ruwa ya gagare ta taɓawa, a gidan da ko'ina tayil ne da fenti, ta ce in samo mata ɗan dutse na taimama. Na ce to, ana kulle. Ta sake faɗa, na ce to. Na uku ina gaban kwamfuta, ina kallon hoton barikin nan.

Na sauka Kuala Lumpur ana ruwa, kamar yadda na bar ta. Kwana biyar da isar Inna ƙanwata ta sauka lafiya, mace, kuma Inna ce ta ɗora ruwan. Na ga barikin Rumawa, na ji daɗi har raina, zan kuma koma in Allah ya yarda. Amma abin da tafiyar ta koya mini bai kai girman hasumiya ba: na tsallaka da tsohuwa rabin duniya don in ga duwatsun da nake so, ita kuwa guda ɗaya ta roƙa. Ranar Asabar na gangara bakin rafin bayan unguwarmu, tafiyar minti goma, na zaɓo mai sumul na wanke. Yana nan a kan taga, a ɗakin da ta kwana shekara biyu.